Tsohon Filin Golf na St Andrews: Abin da Mutum Yake Samu Idan Ya Biya

Duk wanda ya jima yana buga golf, ko a Kaduna ya koya ko a Kano ko a Jos, ya san sunan St Andrews tun kafin ya san inda garin yake a taswira. Ƙaramin gari ne a yankin Fife da ke gaɓar gabashin Sikotland, kimanin kilomita 80 daga birnin Edinburgh, kuma daga bakin garin akwai wani zirin ƙasa mai yashi da ya miƙe tsakanin teku da mashigar kogin Eden. A kan wannan ziri ne tsohon filin da ake kira Old Course yake, wanda masu wasan suke ɗauka a matsayin mahaifar golf. Na je can a watan Yuni, na biya kuɗin wasa daga aljihuna, na kuma zagaye ramukansa 18 da ƙafa. Abin da na tarar ya sha bamban da abin da akasarinmu muke sa rai da shi idan aka ce mana wuri na alfarma ne, kuma ina ganin ya kamata mai niyyar zuwa ya san wannan bambanci kafin ya sayi tikitin jirgi.

Alfarmar da ido yake gani tana kewaye da filin ne, ba a cikinsa take ba. Akwai manyan otal-otal masu tsada, irin su Old Course Hotel da ke gefen rami na 17 da Rusacks da ke kallon rami na 18, akwai kantunan kayan wasa a jere, sannan ga ginin dutse na ƙungiyar golf ta Royal and Ancient, wadda asalinta ya faro daga 1754, yana tsaye a bayan wurin bugun farko, ba mai shigarsa sai 'ya'yan ƙungiyar da baƙinsu. Shi kuwa filin kansa fayau yake. Babu inuwar bishiya, babu tafkin da aka haƙa don ado, babu furannin da aka jera, kuma ba a ba mutum motar zagaya fili sai idan yana da lalurar da likita ya tabbatar. Ba mallakar wani attajiri ba ne, ba kuma na waccan ƙungiya ba ne. Hukumar amintattu ta St Andrews Links Trust, wadda dokar majalisar Birtaniya ta kafa a 1974, ita ce take kula da shi a madadin jama'a, kuma tun a 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya tabbatar a rubuce cewa mutanen gari suna da haƙƙin yin wasa a wannan ƙasa. Har yau ba a buga golf a filin ranar Lahadi, in ba lokacin wata babbar gasa ba. A wannan rana mutanen gari suna fitowa da 'ya'yansu su yi yawo a kan ciyawar da manyan zakarun duniya suka taka, ba tare da sun biya ko sisi ba. Ni ma na bi sahunsu na taka filin daga farko har ƙarshe kafin ranar wasana, kuma wannan tattaki ya amfane ni fiye da duk hotunan da na taɓa kallo.

Samun gurbin wasa shi ne aiki na farko, kuma kuɗi kaɗai ba sa warware shi cikin sauƙi. A 'yan shekarun nan kuɗin zagaye ɗaya a tsakiyar kakar wasa ya haura fam 300, ban da ladan mai ɗaukar jakar sanduna, wanda 'yan wasa suke kira kedi, da ɗan abin da ake ƙara masa na kyautatawa. Wasu suna neman gurbi tun shekarar da ta gabata, wasu suna saye ta hannun kamfanonin yawon buɗe ido a farashin da ya ninka wancan, amma kaso mai yawa na guraben ta hanyar ƙuri'a ake raba shi: mutum biyu zuwa huɗu su shigar da sunayensu kwana biyu kafin ranar da suke so, wanda Allah ya ci da shi a ba shi lokaci. Wanda ya zo shi kaɗai ma akwai ƙuri'ar da ake yi wa irinsa don a cike gurbin da ya rage a cikin wata tawaga. Ta hanyar ƙuri'ar muka samu, ni da abokin tafiyata. Ana kuma buƙatar shaidar matsayin ɗan wasa, wato handikaf da bai wuce 36 ba, saboda haka wanda yake cikin wata ƙungiyar golf a gida ya tabbata ya taho da takardarsa. Na yaba da wannan tsari matuƙa, domin a ranar ƙuri'a malamin makaranta da mai jirgin kansa matsayinsu ɗaya ne.

Babban abin da ya raba wannan fili da waɗanda muka saba gani a talabijin shi ne ƙasarsa. Yashi ne da teku ya bari iska kuma ta tara shi tsawon ƙarnoni, ciyawa siririya mai juriya ta tsiro a kansa, ruwan sama kuwa ba ya kwanciya, yana sauka yana tsotsewa. Sakamakon haka ƙasar tana da tauri, ƙwallo ba ta tsayawa inda ta sauka, sai ta yi ta gudu tana bin tudu da gangare har ta kai inda ƙasar ta ga damar kai ta. A filaye masu laushi da ake yi wa ban ruwa kullum, ɗan wasa yana ɗaga ƙwallo sama ne ya sauke ta kusa da tuta ta tsaya. A nan irin wannan bugu yakan ci amanar mai shi, domin iska ta ɗauke ƙwallon tun tana sama, idan kuma ta sauka taurin ƙasa ya cilla ta gaba. A wannan fanni na ga wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: wanda ya koyi wasa a busasshiyar ƙasar arewa da rani, musamman a wasu tsofaffin filayenmu da farfajiyar raminsu, wato shimfiɗar da ke kewaye da ramin, ta yashi ce da aka cakuɗa da mai, ya riga ya san yadda ake sauke ƙwallo nesa da rami a bar ta ta gangara, ya kuma san bugun ƙasa-ƙasa da ake yi lokacin hunturu don kada iska ta yi wasa da ita. Wannan ilimi ya yi mini aiki a St Andrews fiye da duk wata sabuwar sanda da ke cikin jakata.

Rami na farko ya fi kowanne sauƙi a ido, domin ya haɗa titin ciyawa ɗaya da rami na 18, faɗinsu ya wuce yadi 100, babu kwarin yashi ko ɗaya a cikinsa. Duk da haka ban taɓa jin nauyin bugun farko kamar yadda na ji a wurin ba. Mai kula da farawa ya kira lokacinmu, masu yawon buɗe ido sun jingina da shinge suna kallo, ga tagogin tsohon ginin a bayanmu, sannan wata 'yar hanya ta jama'a ta ratsa tsakiyar filin, sai an jira masu wucewa zuwa bakin teku sun tsallake. A gaban farfajiyar ramin kuma ƙoramar Swilcan ta gitta, ƙunƙuntacciya ce amma tana haɗiye duk ƙwallon da ta gaza da taku ɗaya.

Daga rami na biyu ne ainihin halin filin yake bayyana, kuma daga nan ne na gane cewa kuɗin kedi su ne mafi amfani a cikin duk abin da na kashe. Mutum zai tsaya a wurin bugu ya duba gabansa bai ga komai ba sai tuddai da wata ƙaya mai furen rawaya da ta cika gefen dama. Akwai kwaruruwan yashi 112 a filin, kuma da yawansu ba a ganin su sai an zo bakinsu. Wasu ƙanana ne masu zurfi kamar rijiya, an gina bangonsu a tsaye da ɓawon ciyawa da aka jera ɗaya bisa ɗaya, ta yadda wanda ya faɗa ciki ba shi da zancen neman nisa, fitowa kawai yake nema, wani lokaci ta gefe, wani lokaci ma ta baya. Kedina dattijo ne da ya shafe shekaru yana wannan aiki, ba mai yawan magana ba. Yakan nuna mini hasumiyar wani gini a cikin gari ko wani tudu can nesa ya ce in saita can, kuma sau da yawa inda ya nuna ya saɓa da abin da idona yake gaya mini. Bayan 'yan ramuka na fahimci hikimar da ke cikin tsarin. Bugawa hagu ya fi aminci kusan a ko'ina, amma yana barin mutum da bugu na biyu mai wuya, wanda sai ya tsallake kwari ko tudu kafin ya kai tuta. Bugawa dama kuwa yana kusa da ƙaya ko iyakar fili, amma shi yake buɗe hanya. Kowane rami yana ba mutum zaɓi tsakanin kasada yanzu da kasada anjima, kuma amsar tana canzawa da inda aka kafa tuta da inda iska ta fuskanta. Wanda ya san wannan zai fahimci girman abin da zakaran Amurka Tiger Woods ya yi a gasar Open ta 2000, wato babbar gasar golf ta Birtaniya, lokacin da ya buga ramuka 72 a wannan fili ba tare da ƙwallonsa ta shiga kwarin yashi ko sau ɗaya ba, ya kuma lashe gasar da tazarar bugu takwas.

Farfajiyoyin ramukan su ma abin kallo ne. Guda bakwai daga cikinsu kowace tana ɗauke da ramuka biyu, ɗaya na masu tafiya ɗaya na masu dawowa, kuma lambobin kowane biyu idan aka haɗa su 18 suke bayarwa: 2 da 16, 3 da 15, haka har zuwa 8 da 10. Ramuka na 1, 9, 17 da 18 ne kaɗai suke da tasu ta kansu. Farar tuta ta masu tafiya ce, ja ta masu dawowa, ban da rami na ƙarshe da aka bar wa fara. Girman waɗannan farfajiyoyi ya wuce misali, wadda ramuka na 5 da 13 suka haɗa ta kai kusan yadi 100 daga gaba zuwa baya, don haka mutum zai iya hawa farfajiya ya yi murna, sannan ya tarar cewa tsakaninsa da rami akwai tafiya da tuddai biyu ko uku. Ciyawar gabansu kuma gajera ce ƙwarai, har kedina ya sha miƙo mini sandar gangarawa alhali ina nesa da farfajiyar da taku talatin, kuma mafi yawan lokuta shawararsa ita ce daidai. Ban ga wani gyara na ƙawa a wurin ba, amma ingancin ciyawar da daidaiton gudun ƙwallo a kanta sun nuna cewa akwai ma'aikatan da suka san aikinsu.

A can ƙarshen zirin, inda ramuka na 7 zuwa 11 suke kewayawa har biyu daga cikinsu suka gitta juna, iska ta fi ƙarfi domin babu abin da yake tare ta. Rami na 11 shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai a wannan ɓangare. Gajere ne, ƙa'idarsa a jefa ƙwallo a rami cikin bugu uku, amma farfajiyarsa ta karkato daga baya zuwa gaba, kwarin Strath yana gadin dama, kwarin Hill yana gadin hagu, mashigar Eden kuma tana bayansa. A nan ne Bobby Jones na Amurka, yana matashi a gasar Open ta 1921, ya fusata ya ɗauke ƙwallonsa ya fita daga lissafin gasar. Shi ne kuma ya dawo ya ci gasar a wannan fili a 1927, ya zama ɗaya daga cikin manyan masoyansa, har garin ya karrama shi da matsayin ɗan gari a 1958. Labarinsa ya yi daidai da abin da na gani, cewa filin ba ya burge mutum a kallon farko, sai ya fara fahimtar dalilin da ya sa kowane tudu yake inda yake.

Dawowa gida ta fi tafiya wuya, domin iyakar fili tana manne da hannun dama, iskar kuma a ranar ta juyo tana dukan fuskarmu. Rami na 14, ɗaya daga cikin dogaye biyu kacal masu bugu biyar, yana ɗauke da kwarin da ake kira Hell, mai faɗi da zurfin da ya fi tsayin mutum, wanda ya sa zakaran Amurka Jack Nicklaus ya yi bugu 10 a ramin a 1995. Kedina ya sa na kauce masa gaba ɗaya ta hanyar bugawa titin rami na 5 da ke hagu, hanyar da ba zan taɓa tunaninta da kaina ba. Amma rami na 17 shi ne abin da kowa yake jira. Bugun farko ana yin sa ne ta saman rumfunan da ke kusurwar harabar otal, waɗanda aka gina a gurbin tsofaffin rumfunan tashar jirgin ƙasa, kuma mutum ba ya ganin inda ƙwallonsa za ta sauka. Farfajiyar siririya ce a karkace, a gabanta ta hagu akwai ƙaramin kwari mai zurfi da yake janyo ƙwallo, a bayanta kuma akwai kwalta da katangar dutse, kuma duk wanda ƙwallonsa ta tsaya a kan kwaltar daga nan zai buga. Tommy Nakajima na Japan ya hau farfajiyar lafiya a 1978, ya gangara ƙwallo ta zarce cikin kwarin, sai a bugu na huɗu ya fito, ya tashi da 9. A gasa tsawon ramin yakan kai yadi 495, kuma ƙa'idarsa bugu huɗu ce. Ni na bi shawarar sauke ƙwallo a gaban farfajiyar ta dama na karɓi bugu biyar, kuma na ɗauke shi a matsayin sakamako mai kyau. A ganina babu wani rami da na taɓa bugawa da ya haɗa tsoro da tunani kamar wannan.

Rami na 18 kuwa kamar tukuici ne bayan wahala. Mutum ya buga ya nufi cikin gari, ya tsallake 'yar gadar dutse ta Swilcan inda Nicklaus ya tsaya ya yi bankwana da gasar Open a 2005, ya ratsa kwarin ciyawar da ke gaban farfajiya wanda daga cikinsa Costantino Rocca na Italiya ya jefa ƙwallo cikin rami daga nesa a gasar 1995, sannan ya kammala a gaban baƙin da suka jingina da shinge, waɗanda sukan tafa wa duk wanda ya yi abin kirki ko da ba su san shi ba. A tsallaken titi akwai shagon da yake ɗauke da tarihin Old Tom Morris, wanda ya kula da filin kusan shekaru arba'in, ya ci gasar Open sau huɗu, ya rasu a 1908.

Akwai abubuwan da ya kamata mai zuwa ya sani don kada ya yi tsammanin abin da babu. Duk da cewa filin yana bakin teku, ba a cika ganin tekun daga cikinsa ba, domin wasu filayen da tuddan yashi sun shiga tsakani. Wanda kallon ruwa da duwatsun gaɓa ne burinsa zai fi samun biyan buƙata a Castle Course da aka buɗe a 2008 a ɗaya gefen garin, ko a Kingsbarns da ke 'yan kilomitoci kudu da shi. Sanyi ma gaskiya ne ko a watan Yuni, kuma yanayi yakan sauya sau da dama a cikin zagaye ɗaya, saboda haka rigar ruwa da rigar sanyi da hula ba abin barin su a masauki ba ne. Ga Musulmi kuma akwai batun lokutan salla. A tsakiyar watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ta kuma fito kafin huɗu da rabi na safe, don haka tazarar da ke tsakanin Isha'i da Asuba gajera ce ƙwarai, kuma wanda ƙuri'a ta ba shi lokacin sassafe sai ya tsara barcinsa da kyau. Don sallar Juma'a mun tafi Dundee, wadda take kimanin rabin sa'a a mota, inda akwai masallatai da wuraren cin abincin halal. A cikin St Andrews kanta kifi ne ya fi sauƙin samu, kuma kifin wannan gaɓa mai kyau ne.

Dangane da ko wasan ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce ya cancanta ga wanda yake son golf don tunanin da ke cikinsa, ya kuma yarda ya saurari kedi. Idan aka juya fam 300 zuwa naira, aka ƙara kuɗin jirgi da biza da masauki, kuɗi ne masu nauyi, kuma ba zan ba wanda bai jima da fara wasa ba shawarar ya kashe su yanzu, domin zai sha wahalar da ba zai gane dalilinta ba. Shawarata ga wanda ya shirya ita ce ya ware kwanaki a garin maimakon ya zo don rana ɗaya, ya riƙa shiga ƙuri'a, kafin ta faɗo masa kuma ya buga New Course, wanda Old Tom Morris ya tsara aka buɗe a 1895, ko Jubilee na 1897 da ya fi kusa da teku. Dukansu a kan ƙasa ɗaya suke da tsohon filin, kuɗinsu bai kai nasa ba, sun fi sauƙin samu, kuma za su koya masa gudun ƙwallo da halin iska kafin babbar ranar. Za a iya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Leuchars a ƙarasa cikin gari da bas, ba sai an yi hayar mota ba. Wanda yake tunanin zuwa a 2027 ya tuna cewa gasar Open karo na 155 za ta dawo St Andrews a watan Yulin shekarar, kuma a wannan lokaci filin da masaukan garin duk za su kasance a hannun masu gasa da 'yan kallo, don haka gara ya zaɓi wani wata ko wata shekara.